Kwikwiyon da Haladu Ya Bari

A zamanin da Bature bai taka ƙasar Kazaure ba, akwai wani ɗan ƙauye a gindin duwatsun Roni, gidajensa ba su kai talatin ba. Can aka kai Saude aure. 'Yar mutanen Gwiwa ce, doguwa, ba ta da yawan magana, amma duk ƙauyen babu mai kaɗi irin nata. In ta zauna da mazari da alli, zaren da take fitarwa siriri ne mai ƙarfi, har masaƙa daga nesa sukan aiko a tambaya ko ta tara.

Mijinta Haladu maharbi ne. Da damina ya yi noma kamar kowa, da rani ya rataya kwari ya shiga daji, karyarsa na biye da shi. Shi mai surutu ne da dariya, ita mai shiru, suka kuwa zauna lafiya. Shekara huɗu da aurensu 'yarsu ɗaya, Rahamatu, wadda da aka yaye ta aka miƙa wa kakarta Iya Tasalla, uwar Haladu, da ke ɗakin da ke kallon nasu. Da yake 'yar fari ce, Saude ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane. In za ta ambace ta sai ta ce 'yar Iya. Kallonta ma sata take yi, ta ƙasan ido, tana murza mazari.

Wata shekara bayan girbi karyar Haladu ta haihu a wani rami bayan danga, 'ya'ya huɗu. Kwana ashirin da haihuwar ta bi shi daji, ya kore ta ta ƙi komawa, gyado ya farke mata ciki. Cikin kwana uku 'ya'yan suka mutu, saura ɗaya. Haladu ya ɗauko shi a cikin hularsa ya zo ya tsuguna gaban Saude.

"Saude, taimake ni da wannan. Ni hannuna bai iya raino ba."

Ta leƙa hular. Wani ɗan abu ne ja, duk haƙarƙari, idanunsa zagaye da baƙi.

"Yanzu ni ce zan raini kare?"

"Kwana kaɗan ne. In na dawo daga farautar Babura zan karɓe shi in koya masa aikin uwarsa. Ke dai riƙe mini shi da rai. Dubi idonsa, sai ka ce amarya. Sunansa Kwalli."

Ta yi tsaki, amma ta tashi ta tatso akuya. Ta tsoma tsumma a madarar ta sa masa a baki, ya kama tsotsa.

Kwana goma bayan haka Haladu ya tafi tare da maharban yankin zuwa dajin da ke arewa da Babura. Su goma sha ɗaya suka fita, bakwai suka dawo. Mahara ne daga arewa suka faɗa musu da hantsi a bakin wani tafki. An ga gawar mutum biyu an binne. Biyu kuma ba a ga gawarsu ba, ba a ga inda aka yi da su ba. Haladu na cikin waɗannan.

Ba a yi zaman makoki ba, don ba a ce ya mutu ba. Ba a kuma daina kuka ba. Iya Tasalla ta koma yini a bakin zaure, duk fataken da suka ratsa sai ta tsayar da su ta yi tambaya. Lauwali, wan Haladu, shi ya ci gaba da riƙon gidan. Saude kuwa ba ta da bakin tambayar kowa labarin mijinta, kunya ta hana. Abin da ya rage mata shi ne kwikwiyon. Ta sa a ranta cewa muddin yana raye, mai shi zai dawo ya karɓa.

Kwalli ya rayu. Ya bar tsumma ya koma lasar koko a kasko, cikinsa ya yi tulu, ƙafafunsa suka yi ƙwari. Sai haƙora suka fito, ƙanana masu tsini kamar ƙayar aduwa, daga nan gidan ya rasa sakat. Ya tauna igiyar guga. Ya ci gefen tabarma. Ya gwaguye ƙafar kujerar da Saude ke zama a kai. Ran nan ta shiga ɗaki ɗauko auduga, kafin ta fito ya raba mazarinta biyu, wanda uwarta ta ba ta ranar da za a kawo ta. In tana tafiya ya kama diddige, in ta zauna ya kama yatsa. Hannayenta duk suka yi zane, har zare na maƙalewa a ɓawon ciwon.

Ta fara da abin da kowa ya sani. Ta karyo tsumagiya, ya ciza ta tsula masa. Ya yi ƙara ya shige ƙarƙashin rumbu, jim kaɗan ya fito ya koma ga aikinsa. Abin da dukan ya ƙara masa kawai shi ne tsoron hannu. Da ya ga an miƙo hannu sai ya riga kai cizo.

Haka aka yi ran da ya ciji Rahamatu. Yarinyar na zaune da ɗumame a hannu, ta miƙa ɗayan hannun za ta shafa kansa, ya cafke ta. Jini ya fito. Ihunta ya fito da Iya Tasalla daga ɗaki, ta sure jikarta, ta dubi hannun, ta ɗaga murya.

"Lauwali! Zo ka ɗauke mini wannan abin ka kai shi kan dutse, kura ta huta da yawo. Jiya takalmina, shekaranjiya buzun sallata, yau kuma jikata?"

Tun da aka kawo Saude gidan ba ta taɓa mayar wa surukarta magana ba. Ran nan ta zo ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Iya, ki yi haƙuri. Amana ce."

"Amanar wa?"

"Ya ce in riƙe masa shi da rai."

Iya Tasalla ta juya fuska ga danga. Can ta ce, "Ɗana yana can ban san ko ya ci ko bai ci ba, ni kuma ina nan ina ciyar da abin da ke cin jikata. To, na ji. Daga yau zuwa ruwan shuka. In ruwa ya sauka bai daina ba, ko ke ba ki isa ki hana ba."

Akwai wata tsohuwar Bafillata, Fatu, da ke kawo nono ƙauyen daga rugarsu ta bayan dutse. Washegari da ta sauke ƙwaryarta ta ga hannun Saude, ta ga kwikwiyon ɗaure a turken akuya yana cin igiyar.

"Da me kike hana shi?"

Saude ta nuna tsumagiya.

"Jefa ta a murhu. Kwana nawa ya yi da uwarsa?"

"Ashirin."

"Shi ya sa. Kin ga namu na ruga, in suna kokawa da 'yan'uwansu ɗaya ya ciji ɗaya da zafi, wanda aka ciza sai ya yi ƙara ya bar wasan. Nan suke gane iyakar haƙori. Wannan ba wanda ya taɓa gaya masa cizo da ciwo. Ke ce uwarsa, ke ce 'yan'uwansa. In ya kama ki, kada ki fizge hannu, zai ɗauka wasa ne. Ki yi ƙara, ki tashi ki ba shi baya, kada ki dube shi. Kuma dasashinsa ƙaiƙayi yake, dole ya tauna wani abu. Ki ba shi nasa, sannan ki hana shi naki."

"To kayan mutane fa, Inna?"

"Da me kuka yaye 'yar can?"

"Maɗaci aka shafa mini."

"To, ashe kin sani."

Da ta sake zuwa ta kawo mata kofaton saniya da guntun ƙirgi, wato busasshiyar fata.

Saude ta sa tsumagiyar a wuta. Ta samo ɓawon maɗaci ta jiƙa a tukunya, ta bi kayan gidan tana shafawa: ƙafafun kujeru, igiyar guga, bakin tabarmi, takalman Iya. Kwalli ya zo ya ɗauki takalmi kamar yadda ya saba, ya saki, ya yi ta atishawa yana goga baki a ƙasa. Ta miƙa masa kofato. Ya shinshina, ya dube ta, ya kwanta ya riƙe shi da ƙafafun gaba ya shiga gurgura.

Cizon hannu shi ya fi wuya. Ta zauna da shi a inuwar rumbu tana masa wasa, da haƙori ya taɓa fata sai ta ce, "Wayyo!" ta miƙe ta juya ta fuskanci danga. Ran farko ya ɗauka sabon wasa ne, ya kama gefen zanenta yana ja. Ta tsaya ƙiƙam kamar turmi. Ya ja, ya yi haushi, ya gaji, ya zauna. Sai da ya zauna ta juyo ta ba shi ƙirgi. A yini ɗaya ta yi haka ya fi sau ashirin. Matan maƙwabta suka riƙa leƙowa ta kan danga suna dariya.

"Saude, wa ke dukanki?"

Wata ta amsa, "Ba kowa, kare take koya wa ladabi."

A bakin rijiya ma an yi ta magana. Wasu suka ce rashin miji ya taɓa mata hankali. Wata ta ce ita ba za ta ƙara cin tuwon hannun da kare ke lasa ba. Duk Saude ta ji. Ta dai ware masa kaskonsa nesa da kayan girki, in ta gama da shi ta wanke hannu da toka har gwiwar hannu kafin ta taɓa tukunya ko ta yi alwala.

Ta lura cewa ran da ya yini a ɗaure, ran nan ɓarnarsa ta fi yawa. Sai ta riƙa tafiya da shi itace gindin dutse. Ya yi ta tsere da ƙadangaru yana hawa yana sauka, su dawo ya zube a inuwa ko kofaton ba ya iya ɗagawa. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai ran da ta ce an gama, kwana shida bai taɓa komai ba, a na bakwai ya samu taskirar audugarta ya yi mata fata-fata, tsakar gida ta yi fari kamar an fige kaza. Ta zauna a tsakiyar audugar ta yi kuka mai isarta, wanda ba na audugar kaɗai ba ne. Ya zo ya sa kai a cinyarta. Ba ta ture shi ba.

Saura Rahamatu. Yarinyar in ta gan shi sai ta ruga da ihu, shi kuwa abin da yake so ke nan, ya bi ta yana kai cafka a dunduniya. Dole a koya mata ita ma. Saude ta je ta durƙusa ta roƙi Iya ta ba ta aron 'yar Iya. Tsohuwar ta ce, "Ga ta nan, ni ina kallo."

Saude ta zaunar da yarinyar a gabanta, ta kama ƙananan hannayenta ta naɗe mata su a ƙirji. "In ya zo, kada ki gudu. Ki tsaya haka, ki dubi sama." Ta buɗe mata tafin hannu ta ɗora ɗan tuwo. "Kada ki ba shi da yatsa. Haka, a shimfiɗe." Tun da aka yaye yarinyar ba ta riƙe hannunta a fili ba sai ran nan. Ta ji ɗuminsa, ta ga yatsun irin na ubanta ne, gajeru masu faɗi. Ta ja darasin ya yi tsawo fiye da yadda yake bukata. Iya Tasalla ta gani, ta kau da kai ta ci gaba da tsince wake. Daga ran nan kullum da la'asar su uku suke zama a gindin rumbu.

Haƙoransa na yarinta suka zube, manya suka fito, ƙaiƙayin ya kwanta. Ran da aka yi ruwan shuka, da gari ya waye, Iya Tasalla ta fito da takalminta wanda ruwa ya wanke wa maɗaci, ta ajiye a tsakar gida, ta koma bakin ƙofa ta zauna. Kwalli ya zo ya shinshina ya wuce. Rahamatu ta bi shi ta cusa hannu a bakinsa har wuyan hannu, wai tana neman tsakuwar da ya ɗauka. Ya buɗe baki ya bar ta, yana kaɗa wutsiya. Tsohuwar ta tashi ta sa takalminta.

"A bar shi," ta ce. "In ya dawo ya ga abinsa."

Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo ta wuce. Kwalli ya zama ƙaton kare. Bai koyi farauta ba, don babu mai koya masa, amma shi ke korar birai daga gonar Lauwali, shi ke raka Rahamatu kiwon awaki bayan gida. In baƙo ya yi sallama a zaure shi da Saude tare suke ɗaga kai.

Wata rana da azahar wani bafatake Babarbare, mai suna Baba Kura, ya sauke jakunansa na kanwa a ƙofar gidan ya ce yana neman uwar Haladu maharbi. Aka yi masa shimfiɗa a zaure. Iya da Lauwali suka zauna gabansa, Saude ta tsaya bayan zana inda take ji ba a ganinta.

Ya ce shekara biyu ke nan, a wata rijiya kan hanyar arewa, ayarinsu ya tsinci wani mutum da raunin mashi a cinya. Mahara ne suka yar da shi da suka ga ba ya iya tafiya. Sun ɗora shi a jaki, sun yi masa abin da za su iya, kwana uku ya cika. Sun yi masa sutura sun binne shi a gindin wata tsamiya. Daga can Borno suka nufa, sai bana hanya ta biyo da shi nan. Ya kwance wani ƙullin tsumma ya fito da kambun da Haladu ke ɗaurawa a damtse.

"Ya yi magana?" in ji Iya.

"Ya yi, Hajja. Ya faɗi sunan garin nan da naki, ya sa na maimaita har sau uku. Ya ce ki yafe masa. Ya ce a gaya wa mai ɗakinsa ita ma ta yafe masa. Ya ce akwai 'yarsa ƙarama, a riƙe ta da kyau. Ya cika da kalmar shahada."

Saude ta jira ko akwai saura. Babu. Ba ta da hanyar tambaya, wa zai tambayi baƙo ko mamaci ya ambaci kare? Ta zame ta zauna a ƙasa. Ashe tun kwikwiyon bai gama fitar da haƙori ba mai shi yana cikin kabari. Duk wayyon nan da ta yi ta yi a gindin rumbu, duk juya bayan nan, babu mai zuwa ya gani.

Ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Kwalli ya kwanta a ƙofar ɗakinta har ta fita.

Bayan ta fita aka shiga maganar zamanta. Iyayenta sun rasu, wanta a Gwiwa da ƙyar yake riƙe nasa iyalin, gidan Lauwali kuma bakuna sun yi yawa. Babu wanda ya ce ta tafi, amma ta san mace mai shekarunta ba ta dawwama a gidan miji bayan miji. Akwai wani masaƙi a Kanya Babba, Sama'ilu, wanda ya daɗe yana aikowa sayen zarenta, matarsa ta rasu ta bar shi. Ya zo da kansa ya nema. Mutum ne mai sanyin hali, bai ɓoye mata komai ba. Ya ce mahaifinsa ne limamin unguwarsu, gidansu bango ɗaya da masallaci.

"Yarinya in an ba ki, 'yata ce. Kare dai ba zai yiwu ba. Ba ƙinsa nake ba, wurin ne ba nasa ba."

Yarinyar ma ba a ba ta ba. Idanun Iya Tasalla sun fara dushewa, Rahamatu ce ke riƙe mata sanda. Ta kira Saude ɗaki ta ce, "Na san haƙƙinki ne ki roƙa. Amma in kin tafi da ita, me ya rage mini na Haladu?" Saude ta dubi ƙasa ta ce, "Dama 'yar Iya ce."

Ran tafiya Lauwali ya ɗaure Kwalli da igiyar rama a turke. Saude ba ta je wurinsa ba, ba ta kuma yi wa Rahamatu sallama ba, an aike ta gidan maƙwabta da gangan. Har suka sha kwanar dutse tana jin kukansa. Kwana biyu suka yi a hanya, suka kwana a Kazaure.

Kwananta huɗu a Kanya Babba, da safe tana shara, ta ji hayaniyar yara a ƙofar gida suna cewa a kore shi. Ta leƙa. Ga shi nan a tsaye, ya rame, guntuwar igiya na reto a wuyansa, bakinta duk a taune. Karen da ya shekara biyu bai sa haƙori a kayan kowa ba. Da ya gan ta bai yi tsalle ba, ƙafafunsa sun kumbura da ƙaya. Ya ɗingiso ya zo ya jingina da ƙafarta.

Sama'ilu ya bar saƙarsa ya zo ya tsaya. Ya ce ta kai shi bayan danga ta ba shi abinci. Ta zauna ta cire masa ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwana biyu aka samu masu jakuna da za su Roni, aka ɗaura masa igiya suka ja shi.

Kwana goma sha biyu ya sake dawowa. Wannan karon Lauwali ya biyo sawunsa, ya iso washegari a gajiye.

"Saude, na ɗaure shi da igiyar fata, ya cinye. Na rufe shi a ɗaki, ya ci ƙyauren kara. Yarinyar nan tun da kika tafi ba ta yi kuka a gaban kowa ba, amma ran da ya gudu ta ƙi cin abinci. Tana can bakin zaure tana jiransa. Muddin ya san in ya zo za ki karɓe shi, ba zai zauna ba. Ni ba zan iya wannan zirga-zirgar ba. Ko ki san yadda za ki yi, ko in yi abin da ba na so."

Ta ce ya yi gaba, ya jira a bakin hanya bayan gari. Ta yafa mayafi ta fita, Kwalli na gefenta. Suka wuce marina, suka wuce gonakin bayan gari, har inda take hango Lauwali a tsaye can nesa. Ta nuna masa hanya.

"Je ka. Je ka wurinta."

Ya dubi hanyar, ya dube ta, ya kaɗa wutsiya. Ta daka masa tsawa, ya kwantar da kunne bai motsa ba. Sai ta juya masa baya ta tsaya. Ta daɗe a haka. Da ta waiwaya ta gan shi zaune, ya nutsu, yana jira ta juyo kamar yadda ta koya masa.

Ta sunkuya ta ɗauki dutse. Na farko ta jefa gefe. Ya bi shi da ido. Na biyu ma haka. Na uku ta same shi a haƙarƙari. Ya yi wata 'yar ƙara, ya ja da baya, yana dubanta kamar bai gane ba. Ta ƙara ɗaukar wani, babba, ta same shi a saman ido. Jini ya zubo. Ya juya ya tafi, yana tafe yana waiwaye, tana ta jifa tana ihu da muryar da ita kanta ba ta san tana da ita ba, har ya kai wurin Lauwali. Lauwali bai sa masa igiya ba. Suka bi hanya su biyu.

Ta zauna a gindin wani gawo har rana ta take. Sama'ilu ne ya zo ya same ta. Bai tambaye ta komai ba, ya ce, "Tashi mu je gida."

Kwalli bai ƙara zuwa Kanya Babba ba.

Shekara biyar Saude ba ta taka ƙasar Roni ba, ga nisa, ga goyo. Sai da Iya Tasalla ta rasu ta je ta'aziyya. Ta tarar da Rahamatu ta zama 'yar budurwa, tana ɗebo wa baƙi ruwa. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta da ladabi, irin gaisuwar da ta yi wa kowace baƙuwa. An gaya mata ko wace ce, ta sani, amma sanin bai kai fuskarta ba.

Da la'asar, da mutane suka ragu, Saude ta zaga bayan rumbu. Yana nan kwance, gemunsa ya fara fari, da tabo a saman ido. Ta tsuguna nesa kaɗan ta kira sunansa a hankali. Ya ɗaga kai. Ya tashi tsaye, hancinsa na motsi, wutsiyarsa ta motsa sau ɗaya ta tsaya. Ta miƙa hannu. Bai yi gurnani ba, bai yi haushi ba. Ya zagaye ta ta nesa ya tafi inda Rahamatu ke wanke ƙore, ya kwanta a bayanta.

Kwananta uku ta yi haramar komawa. Rahamatu ta ɗaukar mata ƙunshi ta raka ta har bakin gari, karen na biye da yarinyar. A nan ta miƙa mata ƙunshin ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. A gaida mutanen gida." Ta juya, ya juya tare da ita.

Saude ta haifa wa Sama'ilu 'ya'ya maza uku, ta zauna da shi lafiya har ya rasu. Ta ci gaba da kaɗi har idonta ya daina ganin zare. An aurar da Rahamatu a wani ƙauye kusa da Gwiwa, takan aiko da gaisuwa da daddawa in an samu mai zuwa, sau biyu ta zo da kanta. Labarin mutuwar Kwalli a bakin wani mai jaki Saude ta ji, shi ma a cikin wata hira ya faɗa, wata bakwai bayan abin ya faru. Tsufa ne, in ji shi, a gindin rumbu aka same shi. Ta ce Allah sarki, ta tashi ta shiga ɗaki, ran nan ba ta fito girki ba. Ta rasu a Kanya Babba tana da shekara kusan saba'in, aka binne ta a maƙabartar gabas da gari.